Harshen da Za a Rage a Gidan Shafa'atu

Karakkai, ranar Talata, ana yankan gero

Zuwa ga ɗiyata Shafa'atu, a Tudun Wada, Gusau.

Aminci ya tabbata gare ki da duk wanda ke cin tukunyarki. Ni dai ga ni nan. Gwiwa tana yi, idon hagu ya rufe sarai, na dama kuma mutum nake gani awa kututture. Gero ya yi kyau bana, sai dai tsuntsaye sun ci rabonsu.

Tukur tela ke rubuta wagga takarda, na kuma hana shi gyara mini magana. Ko da ba a ɗauke sabis ba takardar zan aiko, don maganar waya iska ke kwashe ta, gobe kowa ya ce bai ji ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina da magana a ciki. Ranar da uwarki Hauwa, ƙanwata ciki ɗaya, ta ba da ke ga Tajuddeen, ba wanda ya tako Karakkai ya tambaye ni. Goro kawai anka aiko mini awa maƙwabci. Ban ce yaron banza ba ne. A Gusau anka haife shi, yana salla, ya iya gaisuwa. Abin da na ce tun ranar shi ne: gidan da uba ke Yarbanci, uwa ke Fillanci, titi ke Hausa, makaranta ke Turanci, da wane baki ɗiya za su tashi? Na faɗa wa uwarki, ta yi dariya. Na faɗa miki ranar sunan Nana Aisha, kinka ce "To, Kawu," kinka miƙo mini fura. "To, Kawu" ba amsa ba ce.

Yanzu ga shi nan. Direban da ke bin hanyar Bungudu ya ce mini ɗanki Abdulƙadir ya cika shekara uku, ko "Inna" bai taɓa cewa ba, sai nuni da hannu. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma shekara sittin ina shuka. Ban taɓa zuba iri huɗu rami guda ba in ce su sasanta kansu. Kun cika wa yaro kai, ya rasa wanda zai ɗauka, shi ne ya yi shiru.

Ki dube ni. Harshe guda gare ni, ya kuma ishe ni saye da sayarwa da faɗa. Uwarmu Bafillata ce, kin sani, amma ni ɗan fari ne. Ana yaye ni anka kawo ni nan wurin kakata, su sunka yi zamansu ruga da Manu da uwarki da anka haifa daga baya. Ban san Fillanci ba, ban kuma mutu ba.

Wannan karon ki amsa mini, da takarda, yadda zan ajiye in nuna.

Kawunki,
Labbo


Tudun Wada, Gusau, 19 ga Satumba

Kawu,

Barka da aikin kaka. Takardarka ta iso jiya. Na karanta ta a tsaye bakin murhu, na sake karantawa a zaune. Muna lafiya. Tajuddeen yana gaishe ka, da Iya mahaifiyarsa da ke zaune tare da mu. Nana Aisha ta shiga aji huɗu, ta ce in tambaye ka ko akuyar nan mai kunne ɗaya tana nan da rai.

Maganar goro ka yi haƙuri. Ni amarya ce a lokacin, ba ni na raba ba.

Abin da direba ya gaya maka gaskiya ne, ko da yake ban san wa ya aike shi ba. Mun kai Abdulƙadir asibiti. An duba kunne, an ce yana ji ras. An duba harshe, ba a ɗaure yake ba. Likita ya ce mu ba shi lokaci, mu dawo bayan wata shida. Amma Kawu, shi likita gida zai tafi, ni ce zan zauna da wata shidan. Yaran maƙwabta da aka haifa bayansa har zagin juna suke yi a ƙofar gida, nawa yana tsaye da yatsa a baki yana kallonsu. Malamar makarantar rainon da muke kai shi ta faɗi irin abin da ka faɗa, wai harsunan ne suka yi masa yawa.

Ranar Juma'a muka zauna da babansa muka yanke shawara. Daga farkon wata za mu rage harshe ɗaya a gidan, mu ga abin da Allah zai yi. Ban ji daɗi ba, amma na yarda.

Ka ga an amsa maka.

Sai maganar ido. Na kwatanta musu, sun ce da alama yanar ido ce, kuma cire ta ba ya cin sa'a guda. Ka zo ka kwana uku a wurinmu a yi maka. Kada ka ce sai an gama girbi, bara ma haka ka ce.

'Yarka,
Shafa'atu


Karakkai, ranar Asabar

Shafa'atu, na gaishe ku duka. Akuya tana nan, ta fi ni lafiya. Gwiwa ma ta yi sauƙi tun da Tukur ya karanta mini takardarki. Wurin da kinka ce "ka ga an amsa maka" na sa ya maimaita sau uku, har Adamu mai shayi ya ji.

Kun yi daidai. Ki ba Iya haƙuri. Na san tsohuwa za ta ji zafi a ce a daina yi wa jikanta Yarbanci cikin gidan ɗanta, amma shekara arba'in tana Gusau, ai lokaci ya yi da za ta riƙe Hausa hannu biyu. Ki gaya wa Tajuddeen na yaba masa. Ba kowane namiji ke ajiye harshen ubansa ba saboda ɗa. In zan zo zan riƙo masa zabi biyu.

Idon kuma zan zo a yi. Ba don kin ce ba. Shekaranjiya na tsaya na gaida turmin maƙwabta har da tambayar yara.

Labbo


Tudun Wada, Gusau, 10 ga Oktoba

Kawu,

Ina fatan gwiwar ba ta dawo ba. Takardarka ta yi kwana goma sha biyu a aljihun motar direba, sai ranar Alhamis ya tuna. Da ta iso da wuri da na tare ka tun kafin ka yi wa mai shayi albishir.

Ba Yarbanci muka ajiye ba. Fillanci ne.

Laifina ne da ban rubuta sunan harshen ba, hannuna ne ya ƙi. Ka duba da kanka. Tun da Iya ta yi ciwon hawan jini bara, Hausarta ta zube gaba ɗaya. Matar da ta yi shekara talatin tana sayar da manja a kasuwa, yau ko "sannu" sai ta lalubo. Yarbanci kaɗai ya rage mata, kuma ita ke wuni da yaron in an taso shi daga makaranta ina wurin aiki. Hausa ba ta ajiyuwa a Gusau. Turanci na makaranta ne. Fillanci kuwa ni kaɗai ce mai yin sa a gidan, to ni ce mai sauƙin rufe wa baki.

Yau kwana goma. Ina yi masa wanka sai magana ta taso mini, in haɗiye ta, in nemo ta Hausa, kafin in samo ruwan ya huce. Nana ta ƙi ba ni haɗin kai. In yi mata Hausa, ta amsa da Fillanci, ido cikin ido. Jiya ta ce, "In kin daina, da wa zan yi kafin hutu in je Tsafe wurin Inna? Da mai nono?" 

Ban gaya wa Inna, ƙanwarka, ba tukuna. 'Ya'yan marigayi Kawu Manu ba mai yin sa, yayyena da ke Kano da Kaduna ma 'ya'yansu ko gaisuwa ba su iya ba. Gidana ne na ƙarshe. Amma kai ka ce ba ka san shi ba, ba ka kuma mutu ba. Da wannan maganar nake lallashin kaina.

Abdulƙadir dai har yanzu bai ce komai ba.

An sa maka ranar ido, Litinin sha takwas ga wata. Ka zo Lahadi.

Shafa'atu


Karakkai, ranar Laraba, bayan na dawo

Shafa'atu,

Na iso lafiya. Idon yana gani, har na gane ashe Tukur ya tsufa. Allah shi saka muku. Ki gaida Iya da kyau, ki ce mata zabin nan nata ne, ba na ɗanta ba.

Kwana huɗu na yi gidanki ban ce miki komi ba kan takardarki. Na san kina jira. Ni ban iya magana gaban mutum ba in ba faɗa ba ce. To ga ta.

Ranar da anka yi aikin an naɗe mini ido, ɗayan kuma kin san hayaƙi ne. Ina kwance kan tabarma a barandarku, kunne kaɗai ke aiki. Sai na ji wata yarinya tana yi wa Iya magana da Yarbanci, murya ƙasa-ƙasa, tana hawa tana sauka awa waƙa. Can na ji wata bakin ƙofa tana ciniki da mai nono da Fillanci, da sauri, da tsiwa, har mai nonon ta yi dariya, na ji ludayi ya sake komawa ƙwarya. Sai wata ta tsaya kaina tana karanta takardar maganin ɗigawa da Turanci awa ma'aikaciyar asibiti, wata kuma ta ce mini da Hausarmu ta nan, "Tsoho, sau huɗu ne a rana, kuma an ce ban da taɓawa, na ga hannunka." Da la'asar wata tana biya karatun Islamiyya. Da Tajuddeen ya dawo na ce masa, "Ɗiyan wa kunka tara a gidan nan?" Ya ce, "Baba, Nana ce kaɗai." Na ce ya daina yi wa makaho wasa. Ya kira ta, ya zaunar da ita gabana. Na kama hannunta, na ce ta yi kowanne in ji. Ta yi. Hannu guda ne, Shafa'atu, ɗan ƙarami, da danƙon alewa a tafinsa. Ko dariyarta ba iri ɗaya ba ce a cikinsu. Shekarata saba'in da biyar. Na ga rana ta yi duhu da tsakar hantsi har kaji sunka shiga akurki, amma ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi haka ba. Ikon Allah ne zaune cikin gidanki yana shan alewa, ni kuwa ina Karakkai ina aiko da faɗa.

Washegari anka kwance idon, na ɗora shi kan Abdulƙadir. Iya ta yi magana da nata, ya tashi ya ɗauko tsintsiya. Ubansa ya faɗi wani abu da Turanci, ya je ya tura ƙofa. Na ce, "Kai, miƙo mini sandata," ya miƙo, ta wajen mariƙin ma. Sannan da kina gasa masara ya nufi garwashi da hannu. Mi ya fito bakinki? Ba Hausa ba ce. Kalma guda kinka jefa, yaro ya tsaya cak awa an dasa shi. Kinka dube ni da kunya awa an kama ki da sata.

Yaron nan ba a cushe yake ba. Na ce ban zuba iri huɗu rami guda, gaskiya ne. Amma gonata gero da dawa da wake ne, ga Tukur nan shaida. Waken yakan kwanta ƙarƙashi wata da watanni, baƙo ya gani ya ce bai yi ba. Sai an yanke gero ka ga ya bazu. Ni ba likita ba ne, ku koma asibitin ranar da anka ce muku. Abin da na gani na faɗa.

Saura guda, ita ce ta hana ni cin tuwon da kinka yi ta tambayata ko gishiri ne. Nana tana ɗiga mini magani ta ce, "Tsoho, ashe kai ne mai man shanu." Na ce wane man shanu? Ta ce kakarta ta Tsafe ta ba ta labari. Wai sanda uwarki tana yarinya, uwarmu takan kaɗa nono, ta ware mai cikin ƙoƙo, ta rufe da faifai mai baƙi da ja, ta aike ta Karakkai tare da masu tallar nono, tafiyar rabin yini, ta ce a ba tsohuwa, wato kakata, kada a faɗi don wa anka kawo.

Shafa'atu, na san faifan nan. Na ci man nan cikin tuwo har na fara gemu, na ɗauka kakata ke saye. Ni abin da na sani, in uwarmu ta zo ganin gida takan ba ni ƙeya. Ba ta taɓa kama sunana ba. In na matso kusa ta ce "dillu", wai tafi, shi ne duk Fillancin da na gada. Na san al'ada ce, kunyar ɗan fari, ba ni kaɗai anka yi wa ba. Sanin bai hana ciwo ba. Na ce wa Nana, don mi kakarki ba ta taɓa gaya mini ba? Ta ce, "Ai irin wannan labarin da Fillanci take yi. In ta koma Hausa sai maganar tsadar masara."

Kin gani? Akwai maganganun gidanmu da ba su fitowa sai ta wagga ƙofa. Ni al'ada ta rufe mini ita, ba da mugunta ba. Ke kuma za ki rufe wa Abdulƙadir da hannunki, kina riƙe da maganata. Na ce miki ban mutu ba. I, ban mutu ba, amma bayan zana na girma, ina jin uwata tana dariya da wasu ban san mi ake wa dariyar ba.

Ki mayar masa da shi.

Tukur ya ce a rubuta na yi kuskure. Shi ya ce, ba ni ba.

Labbo


Tudun Wada, Gusau, 3 ga Nuwamba

Kawu,

Alhamdu lillahi da ido. Ka ci gaba da ɗiga maganin, kada ka ce ai ya warke.

Tajuddeen ne ya karanta takardarka a tsakar gida. Da ya zo wurin man shanu sai ya tsaya ya ce wani abu ya shiga masa ido. Nana ta juya wa Iya duka da Yarbanci. Iya ta buga cinya ta yi magana mai tsawo. Na ce me ta ce? Nana ta ce, "Wai dama ita ba wanda ya tambaye ta kafin a yanke." Ka ga kun zama biyu.

Mun mayar. Washegari ina yi masa wanka na saki bakina, duk abin da na haɗiye wata guda na zuba masa. Ya ɗaga kai ya kalle ni, ya ɗora jiƙaƙƙen hannunsa a kan leɓena, ya bar shi a wurin har na gama. Bai ce komai ba. Har yau bai ce ba. Malamarsu ta ce mun yi ganganci. Ba zan ɓoye maka ba, tsoron yana nan, sai dai yanzu ina jin sa da bakina a sake. Ka sa yaron a addu'a.

Ranar Lahadi na je Tsafe. Na tambayi Inna maganar man shanu. Ta daɗe tana tsince wake kafin ta ce bakin Nana ya yi tsawo. Sannan ta ce akwai sauran magana da mahaifiyarku ta bar mata a kanka kwana biyu kafin ta rasu. Na ce ta ba ni in kawo maka. Ta ce ba tawa ba ce, kuma ta sha gwada faɗinta da Hausa a zuciyarta, ba ta shiga.

Tana fama da tari, amma tana cin abinci.

Shafa'atu


Karakkai, ranar Juma'a

Zuwa ga ƙanwata Hauwa, a Tsafe.

Na gaishe ki da jiki, Allah shi ɗauke tarin. Duk wanda ke karanta miki wagga takarda ya ɗaga murya, kada kuma ya tausasa ta.

Shekara ashirin da shida da rasuwar uwarmu. Na zo janaza, na kwana bakwai gidanki. Na zo auren ɗiyanki, waɗanda anka gaya mini. Na zo ta'aziyyar mijinki. Duk zuwan nan kina zuba mini ruwa, kina tambayata damina, ashe kina zaune kan maganata. Sai daga bakin yarinya 'yar shekara tara zan ji uwata tana aiko mini da mai?

An ce kin ce maganar ba ta shiga Hausa. To ban ce ki tura ta ba. Allah ya ba mu jika mai baki huɗu, na riƙe hannunta na ji da kunnena. Ranar da ba makaranta zan bi ta Gusau in ɗauko ta. Ke ki zauna nan, ni nan, ita tsakani. Ki faɗa yadda anka faɗa miki, da harshen da anka faɗa, kada ki rage, kada ki tsaya. In ji shi tukuna ya shige ni ko ban gane ba. Bayan kin kai ƙarshe yarinya ta juya mini. Zan ɗauko Abdulƙadir ma in aza shi kan cinyata. Mu biyu ba mu iya mayar da ko kalma guda, amma shi aƙalla zai riga ni ganewa.

Ga abin da nake so in sani, ki fara shiri. Tunda ba ta kama sunana, mi take kirana in ba ni nan? In kin dawo da ƙoƙon, tana tambayarki ko kin gan ni? Ranar da anka kai ni Karakkai, ita ta goyo ni ko wata? Kuma mi ta ce kwana biyu kafin ta cika?

Kakata ta tafi, Manu ya tafi. Ke kaɗai kinka rage da kinka ji muryarta daga cikin zana, ga ki kuma da tari. Ni ma ba dutse ba ne.

Kada ki aiko mini da gaisuwa, ina da ita buhu-buhu. Ki aiko da rana. Shekara saba'in ina tambayar mutanen gidan nan ana cewa "to". Ki amsa mini, Hauwa, tun kina da murya, tun ina da kunne.

Yayanki,
Labbo